Yadda za ka kula da jijiyoyin ƙafarka, kai mai doguwar tsayuwa da kai mai doguwar tafiya

Aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti a Agege, kuma yawancin masu zuwa wurinmu mutanenmu ne: mahauta daga mayankar Oko-Oba, 'yan gwari na Mile 12, direbobin tirela masu kwana a layin Apapa, masu gadi, masu shayi, da matan aure. Sana'a kowa da tasa, amma idan ka duba ƙafafunsu kusan labari ɗaya ne. Wani wuni yake a tsaye wuri guda, wani wuni yake a zaune ƙafa a lanƙwashe, kuma duka biyun jinin ƙafa ba ya so. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, yawancin abin da ke kare ƙafa ba ya cin ko kwabo, sannan ciwo ɗaya da ke iya ɗauke mutum farat ɗaya a wannan sha'ani, wato daskarewar jini a cikin jijiya, da tausa da man zafi mutanenmu ke tarbarsa.

Bari mu fara da yadda jini ke dawowa. Zuciya ce ke tura shi zuwa ƙafa, wannan kowa ya sani. Dawowar ce aiki, domin hawa zai yi tun daga tafin ƙafa har ƙirji. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini, Allah Ya sanya wasu 'yan marufai masu buɗewa sama kawai. Jini ya wuce, su rufe, kada ya koma baya. Mai tunkuɗa shi kuwa naman sha-raɓa ne. Duk takun da ka yi, naman nan sai ya matse jijiyoyin da ke cikinsa, jini ya yi gaba. Idan ka ƙame a tsaye ko ka zauna awa da awanni, sha-raɓa ta huta, jini ya taru a ƙasa. Mahauci ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san jinin da ya kwanta wuri ɗaya guda yake yi.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, wanda aka haifa a 1821, da sunansa ake kiran abubuwa ukun da ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Ranar haihuwarsa, 13 ga Oktoba, ita aka ware tun 2014 don wayar da kan duniya a kan wannan ciwo. Na farkon nan, rage gudun jini, shi ne ke hannunmu, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Hanyar gida

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa zaman awa 4 ko fiye a tafiya, a jirgi ne ko a mota, yana ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau biyu. Ga mai lafiya haɗarin bai da yawa, kamar mutum 1 cikin 6,000. To amma mu awa 4 ko Kwara ba lallai mu fita ba. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, kuma wanda ya bi ta Ibadan, Ilori, Jaba da Mokwa ya san wuni da kwana ake yi idan hanya ta yi kyau. Idan tirela ta faɗi ta tare hanya, sai abin da Allah Ya yi.

Tun daga tasha za ka fara. Kada ka yarda a cusa maka buhu ko jaka a gaban ƙafa har ka kasa miƙe ta. Gara ka biya kuɗin kaya a sa a but, ko ka rungumi jakar a cinya na ɗan lokaci. Sa tufafi masu walwala, ka sassauta mazagi ko bel, mata kuma a bar matsattsen siket da ɗaurin zani mai cin ƙugu. Idan da zaɓi, ɗauki kujerar da ke bakin hanyar wucewa.

Mota ta tashi, aikinka bai ƙare ba. Duk bayan rabin awa ko makamancin haka, ka kafa yatsun ƙafa a ƙasa ka ɗaga dunduniya har ka ji sha-raɓa ta ɗaure, ka sauke, ka yi kamar sau 20. Sai ka juya: dunduniya a ƙasa, yatsu sama. Ka jujjuya idon sawu dama da hagu. Babu wanda zai ma lura kana yi. Kada ka harɗe ƙafa ɗaya a kan ɗaya, kuma kada ka naɗe ta ƙarƙashinka ka zauna a kai.

Duk inda direba ya tsaya, sauka. Ko ba ka jin yunwa, ko barci ya fara daɗi, sauka ka taka. A nan muna da gata babba: alwala da salla, da ruku'u da sujada da miƙewa, sun motsa ƙafa yadda ake so. Ka ƙara da zagaya motar sau biyu ko uku kafin a kira fasinja.

Sai maganar ruwa. Na san dalilin da ya sa ake ƙin sha, musamman mata: fitsari zai matsa, direba ba zai tsaya ba, wurin ma ba sirri. Duk da haka ki sha, kaɗan-kaɗan, ki daidaita da wuraren tsayawa. Kuma don Allah a bar shan ƙwayar barci ko maganin mura mai sa barci don hanya ta yi sauri. Wanda ya sha ya yi awa 8 bai ko juya ba, shi ne ya ba jini damar kwanciya.

Direbobin da ke bin layi a Apapa su ma matafiya ne ko da motar ba ta motsi. Kwana a kan kujera ƙafa a rataye shi ma yana da illa. Ka sauko ka shimfiɗa tabarma inda ka aminta, ko aƙalla ka miƙe sosai a gadon bayan kujera. Maniyyata kuma, jirgin Legas zuwa Jidda ya haura awa 5, ga zaman jira a sansanin alhazai kafin tashi. Idan an kashe alamar ɗaura bel, tashi ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo.

Akwai waɗanda wannan kaɗai bai ishe su ba, sai sun ga likita kafin doguwar tafiya: wanda jini ya taɓa daskare masa ko ya daskare wa iyaye ko 'yan'uwansa na jini, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai karaya da aka sa wa filasta, mai ciwon daji, mai sikila, mai ƙiba sosai, mai ciki, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai sinadarin estrojin.

Mai jego kuwa sai na yi mata magana ta musamman. A nan Legas al'ada ce, yarinya ta haihu, musamman haihuwar fari, da an yi suna a sa ta a mota zuwa gida wanka. Makonni 6 na bayan haihuwa, wato kusan daidai da arba'in ɗinmu, su ne lokacin da jinin mace ya fi saurin daskarewa, kuma idan aiki aka yi mata aka ciro jaririn haɗarin ya ƙaru. A cikin waɗannan kwanaki ne muke ɗora ta a kujera, jariri a cinya, ta kwana a zaune ba ta iya motsi. Shawarata ga mazaje ita ce, in da hali a ɗauko Inna ko gwaggo ta zo nan ta yi mata wankan. In tafiyar ta zama dole, a tambayi likitan da ya karɓi haihuwar, a haɗa ta da 'yar rakiya da za ta riƙa karɓar jariri, a raba tafiyar biyu idan aljihu zai ɗauka. A gida ma kada a ce jego kwanciya ce. Ta riƙa tashi tana zagaya tsakar gida.

Idan ƙafa ɗaya ta kumbura

Wannan ne inda nake roƙon a saurare ni da kyau. Alamar daskarewar jini a jijiyar da ke can cikin nama ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura ta bar 'yar'uwarta, sha-raɓa ko cinya ta yi tauri tana ciwo, wurin ya fi ɗayar ƙafar ɗumi, fata ta ƙara duhu ko ta yi sheƙi. Ba lallai ranar da aka sauka daga mota ba, yana iya bayyana bayan kwanaki, har makonni.

An taɓa kawo mana wani matashi ɗan gwari da ya biyo motar albasa daga Arewa, a kan kaya, ƙafa a naɗe tun daga lodi har Mile 12. Kwana biyu da sauka ƙafar hagu ta ƙi takuwa. Yana shigowa warin man zafi ya cika ɗakin, sha-raɓar tana ta ƙyalli saboda murza. Kawunsa da ya rako shi ya ce, "Sista, gajiyar hanya ce ta sauka masa a ƙafa. Allura kawai za ki yi masa, gobe wanzami zai zo ya yi masa ƙaho a fitar da mataccen jinin." Na ɗauko tef irin na tela na auna kaurin sha-raɓa biyun a wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu ƙasa da gwiwa. Ta hagu ta fi ta dama da fiye da santimita 3, wanda a wurinmu alama ce mai ƙarfi. Na nuna wa dattijon lambar da idonsa, na ce, "Baba, jinin da kake magana yana nan, gaskiyarka. Amma yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa. Idan aka ci gaba da murza shi, yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya je ya toshe huhu." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To 'yata, ina za mu?" A ranar aka yi masa hoto a babban asibiti, aka ga gudan jinin, aka sa shi a magani. Yanzu yana kasuwa yana harkarsa.

Saboda haka idan ka ga wannan alama, kada a tausa, kada a murza, kada a yi ƙaho ko tsaga, kada a kai wa maɗori ya ja. Kada kuma a tsaya a kemis a sayi maganin kashe zafi a ce a ga abin da gobe za ta yi. A ranar za a tafi asibitin da ke da na'urar hoton jijiya, irin hoton da ake yi wa masu ciki ne, sai dai wannan gudun jini yake dubawa, ana ce masa Dofla. Mutanen Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH a ƙofar gidansu, mu na Agege asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi mana kusa, akwai kuma manyan asibitocin gwamnati irin na Orile Agege da Gbagada inda za a duba mutum a tura shi inda ya dace. Ka gaya wa likita da bakinka: na yi doguwar tafiya, ko na haihu kwanan nan, ko an yi mini aiki. Wannan kalmar tana saurin juya tunaninsa zuwa inda ya kamata.

Idan kuwa numfashi ya fara yin sama-sama ba gaira ba dalili, ko ƙirji yana suka idan an ja numfashi, ko zuciya tana bugu da sauri, ko tari da jini, ko jiri har da faɗuwa, to gudan ya riga ya kai huhu ke nan sai an tabbatar da akasin haka. Ba a jiran gari ya waye. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas, ko a sa shi a mota mafi kusa.

Kumburin ƙafa biyu a tare yawanci wani labari ne daban: zuciya, ƙoda, hanta, ko wani maganin hawan jini irin amlodipine. Shi ma na asibiti ne, kuma ga mai ciki da ke haɗa shi da ciwon kai ko ganin dishi-dishi, na gaggawa ne.

Wanda aka tabbatar masa da ciwon, maganin hana jini daskarewa za a ba shi, aƙalla wata 3. Wani a fara masa da allurar heparin a fatar ciki, wani a ba shi ƙwaya irin rivaroxaban ko apixaban, wani warfarin. Maganin ba ya narkar da gudan nan take, yana hana shi girma ne har jiki ya cinye shi a hankali, shi ya sa ba a dainawa don kumburi ya saɓe. Mai shan warfarin sai ya riƙa gwajin jini da ake kira INR, wanda galibi ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganye irin alayyafo da zogale da ugu yana rage wa warfarin ƙarfi, amma ba a ce ka daina ci ba, ka dai riƙa ci daidai yadda ka saba, kada yau ka cinye kwano gobe ka yi wata ba ka taɓa ba. Mai ciki ba ta shan warfarin. Kuma duk mai shan ɗaya daga cikin magungunan nan ya nisanci asfirin, ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, har da garin Alabukun, don asfirin ne a cikinsa. Haka jiƙe-jiƙen gargajiya. Idan ka ga baƙin bayan gida, fitsari da jini, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, koma asibiti.

Jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu

Su kuma waɗannan na saman fata ne. Marufan nan sun gaji sun daina rufewa, jini yana komawa baya, jijiya ta kumbura ta murɗe. Gado yana ciki, haihuwa da yawa tana ciki, ƙiba da shekaru da doguwar tsayuwa suna ciki. Mai tsire da ke tsaye gaban wuta tun la'asar har tsakar dare, da mai gadi a bakin get, da mai tuyar ƙosai, su na fi gani da su. Da yamma ƙafa ta yi nauyi, ta yi ƙaiƙayi, da dare jijiya ta ɗaure.

Sana'a ba za ta baru ba, sai dai a canza yadda ake tsayuwar. Kana yanka nama kana ɗaga dunduniya kana saukewa. Mai gadi ya riƙa zagaya harabar maimakon jingina da get. Ka ajiye ɗan benci, in ciniki ya lafa ka zauna ka ɗora ƙafa a kan wani abu. In ka koma masauki, kwanta rigingine ka jingina ƙafafu a bango ko a kan filo biyu, su fi ƙirjinka tudu, minti 15, in ka samu sau 3 a rana ya fi. Tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum tana yi wa jijiya abin da babu man shafawar da zai yi. Masu tallar man da wai ke ɓatar da jijiyoyin nan a cikin mota, kuɗinka kawai za su ci. Jijiyar da ta riga ta buɗe, likita ne ke rufe ta, da allura ko da zafin na'ura ko da tiyata. Ta masu ciki dai sau da yawa takan lafa da kanta 'yan watanni bayan haihuwa.

Akwai safa ta asibiti mai matse ƙafa, wadda ta fi matsewa a idon sawu tana sassautawa zuwa sama. Tana taimako ƙwarai, ga mai tsayuwa da mai tafiya, idan an sa ta daidai. Da awo ake sayenta: da safe kafin ƙafa ta kumbura, a auna idon sawu inda ya fi siranta, da sha-raɓa inda ta fi kauri, da tsawo daga ƙasa zuwa gwiwa. Wajen sawa, ka zura hannu ciki ka kamo dunduniyar safar ka juyo ta bai-bai har zuwa nan. Ka zura yatsu, ka daidaita dunduniya ta zauna daram, sannan ka riƙa jan sauran sama kaɗan-kaɗan kana shafe duk wata tattara da tafin hannu. Ta tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da lanƙwasar gwiwa. In ta yi tsawo kada ka naɗe bakinta, naɗin nan zai zama ɗauri ya tare jinin da kake so ya wuce. Da safe ake sawa, da dare a cire, a shafa mai bayan an cire. Da zafin Legas sai ka yi guda biyu, kana wanke ɗaya da hannu kana shanyawa a inuwa. Bayan wata 3 zuwa 6 takan saki, sai sabuwa. Safar 'yan ƙwallo ko bandejin da ka naɗa da kanka ba sa maye gurbinta.

Idan irin wannan jijiya ta fashe, jinin yana tsorata mutane don tsartuwa yake yi. Kwantar da mutumin, ɗaga ƙafar sama sosai, danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗaure cinya da igiya ko roba. Idan kuma fatar gefen idon sawu ta fara baƙi tana tauri, gyambo ne ke sallama. Ƙaramin ƙurji a wurin, a kawo shi da wuri. A bar zuba masa garin kafso, toka ko baƙin mai. Abin da ke warkar da gyambon jijiya shi ne wanki mai kyau da naɗin matsi na ma'aikacin da ya iya.

Kafin ka sayi safar nan, akwai sharaɗi ɗaya da ba a tsallakewa. Wasu matsalarsu ba ta dawowar jini ba ce, zuwansa ne ya yi ƙaranci, domin jijiyoyin da ke kawo shi daga zuciya sun tsuke. An fi ganin haka ga masu shan taba, masu ciwon suga, masu hawan jini da dattawa. Alamarsa, mutum ya yi 'yar tafiya, daga gida zuwa masallaci misali, sha-raɓa ta kama ciwo, ya tsaya 'yan mintuna ta saki, ya ci gaba ta sake kamawa. Ƙafar takan yi sanyi, gashinta ya zube, da dare yatsu su yi ta zugi har sai ya sauko da ƙafar daga gado. Mai wannan idan ya sa safa mai matsi ko ya riƙa rataye ƙafa a bango, ƙara wa kansa ciwo zai yi. Shi ya sa ake fara taɓa bugun jini a bayan ƙafa, a gwada awon jinin idon sawu da na hannu, kafin a ce a sa.

Maganinsa na farko barin taba gaba ɗaya, sai riƙe suga da hawan jini da magani, da tafiya kullum: ka taka har ciwon ya fara, ka huta, ka sake. Mai ciwon suga kuma ya mayar da wankin ƙafa na alwala lokacin dubawa. Ka buɗa tsakanin yatsu, ka kalli dunduniya da tafin ƙafa, in ido bai kai ba ɗanka ya duba maka, sannan ka tsane wurin sosai. Kada ka taka ƙasa ba takalmi, ka zazzage takalmin kafin ka sa, kada ka gasa ƙafa a bakin wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi, don tana iya ƙonewa ba ka ji ba. Masu yankan farce na yawo su yi maka a hankali, kada su shiga gefen nama. Ƙaramin rauni da ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, a kawo shi a gani. Idan kuwa yatsa ya fara baƙi, ko ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya da azababben ciwo ta ƙi motsi, wannan na awanni ne, a tafi babban asibiti a lokacin.